Ƙarar Babur ɗin Baba

Abin ya fara ne ranar da Auta ya sauya wa babur ɗin marigayi mahaifinsu salansa da matatar iska. Ƙara ta canza, injin ya riƙa zafi yana tari. Yayansa bakanike ya kwance fulogi, ya tarar ya yi fari fat.

"Iska ta fi fetur yawa, sarkin gayu. Sai an sa wa kafireta babban jet da zai ƙara sakin fetur, ko injin ya ƙone."

Daga ɗaki Inna, wadda ta daina gani, ta ce, "Baƙo muka yi? Kwana biyu ban ji babur ɗin babanku ba. Allah ya sa ba sayarwa kuka yi ba."

Auta ya sunkuyar da kai. "Yaya, bar jet ɗin. Tsohuwar salansar da matatar zan mayar."