Zaman Makokin Sista Yelwa

Akwati na biyu ake fitarwa daga ɗakin Sista Yelwa lokacin da Hansai ta leƙo ta kan danga, kwanon kunun da ta dama wa mara lafiyar yana tururi a hannunta. Motar ofishin lafiya ce tsaye a ƙofar gida, Zadok direba yana ɗaure kaya da igiya, akawun ofishin kuwa, Mista Ephraim, yana riƙe da kwaɗo sabo fil. Hansai ta ja mayafi ta zagayo, ta tambaye shi ko sallamo ta za a yi daga asibiti, shi ya sa ake gyaran ɗaki.

"Goggo, ba ka ji ba? Sista ya rasu jiya da la'asar," in ji shi. "Da safen nan jirgi ya ɗauki gawa zuwa Kano. Daga can sai ƙasarsu."

A tsaye ya faɗa, yana duba agogo, kamar mai sanar da zuwan duba-gari. Hansai ta ajiye kwanon a ƙasa don kada ya suɓuce mata. Salati ta fara yi, amma kafin hawaye su zo ɓacin rai ya riga su.

Shekara biyu ke nan da Turawan nan mata biyu suka zo Jimeta daga Kanada, aikin sa kai na allurar rigakafin agana. An ba su gida a bariki suka ƙi, suka kama ɗaki biyu a gidan da ke jingine da na Malam Haladu, mijin Hansai. Ƙaramar, Dorin, mai shiru ce, gaisuwa kawai. Babbar kuwa sunanta Gwendolin, sunan da ya gagari harshen kowa a unguwar, har Hansai ta gaji ta raɗa mata Yelwa. Ta karɓa hannu bibbiyu. Mace ce mai dariya kamar ana zazzage ƙwarya, ba ta taɓa ɗora miya ba ta ƙone ba, kuma ba ta taɓa yarda laifinta ne ba, kullum itacen ne. Ita ta karɓi haihuwar Sakinatu, 'yar Hansai, ranar da jariri ya zo ta ƙafa. Da yamma in sun dawo daga ƙauyuka ƙafa duk taɓo, a tsakar gidan Hansai take zubewa, tana cin tuwo da hannu tana ɓata Fulatanci da Hausa gaba ɗaya.

Ciwon shawara ne ya kayar da ita, kwana tara kacal. Sau biyar Hansai tana kai kunu asibiti, sau biyar mai gadi yana mayar da ita, wai ɗakin na manya ne, sai dangi ke shiga. Dangi! Danginta suna bayan teku, ga wadda ta san irin tsamin da take so a kunu an tsayar a bakin ƙofa. Yanzu kuma an ɗauke ta tun unguwa ba ta gama karyawa ba, babu wanda aka ce wa ga abin da ya faru.

Hansai ta tambayi akawun inda za a yi zaman makoki. Ya buɗe takarda ya duba da gaske, kamar zai same shi a ciki. Ya ce abin da aka aiko daga babban ofishi a Maiduguri shi ne a kwashe kaya, a kulle ɗaki, Sista Dorin kuma ta fita aiki gobe da ƙarfe takwas. Ya datse kwaɗon ya jefa mabuɗi a aljihu. Ko akuya ce ta mutu a gidan mutum, maƙwabta kan leƙo su ce Allah ya mayar da alheri. Wannan mutum ce sukutum, za a share wurinta kamar ba ta taɓa shan ruwan Binuwai ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. Mata suka fara zuwa biyu-biyu, uku-uku, suna sallama a ƙofar ɗakin Dorin, tunda ita ce 'yar ƙasar mamaciyar. Dorin tana ciki ta saka sakata. Duk wadda ta yi sallama sai ta ji murya a shaƙe daga ciki: "Na gode. Ba yanzu." Da suka yi yawa ma sai ta jawo taga ta rufe. Matan suka juya suna gyara goyo, fuska ba daɗi. Da kunnenta Hansai ta ji wata tana cewa ashe duk dariyar nan ta aiki ce, Bature Bature ne, ba ya son ƙafar baƙin mutum a ɗakinsa.

Wannan maganar ta fi ta akawun yi mata zafi. An hana Yelwa makoki, ga shi kuma za a bi ta da baƙar shaida tun gawarta ba ta isa gida ba.

Ta shiga gida ta fara tattara tabarmi. Malam Haladu ya ce ta bi a hankali, matar nan fa ba Musulma ba ce, me mutane za su zo su ce? Hansai ta ce sa'ad da take ciro masa jika daga bakin mutuwa bai tambayi addininta ba, kuma haƙuri masu rai ake ba wa. Malam ya yi gyaran murya, can kuma ya ce a ɗauki buzunsa ma, a shimfiɗa wa maza a waje.

Da la'asar ta je ta buga ƙofar Dorin da tafin hannu, ba bugun lallashi ba. Da aka buɗe ta ga yarinyar idanu sun kumbura, hanci ja wur, tana rungume da rigar aikin ƙawarta.

"Goggo, a ƙasarmu mutum yana kuka shi kaɗai," in ji Dorin. "Ba na so a gan ni haka."

"Wa ya ce miki ke ake zuwa kallo? Ita ake zuwa wa. Sun hana ni ganinta da rai, sun hana ni ganin gawarta, ke ma za ki hana ni zamanta? In kika rufe ƙofar nan, kin gaya wa garin nan ba ta da kowa."

Dorin ta sunkuyar da kai. Ta ce ba ta san haka ba ne, ita ta ɗauka nauyi take ɗauke wa mutane. Daga nan ta tambaya, to in sun zo me za ta ce musu. Hansai ta ce in an ce mata ya haƙuri, ta ce da godiya. Iyakar aikinta ke nan, har kwana uku.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro, Dorin a tsakiya da zanen da Hansai ta ɗaura mata. Matan jiya suka dawo, waɗansu da ɗan nauyin fuska, amma suka dawo. Ƙarfe takwas daidai motar ta iso tana hon. Dorin ta yunƙura za ta tashi, Hansai ta dafe mata gwiwa.

Mista Ephraim ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ana jira, in Sista bai fito ba dole ya rubuta rahoto, kuma ba shi da hannu in aka mayar da Sista ƙasarsu. Hansai tana da abin faɗa cike da baki, amma ta haɗiye, don ba aikinta ne a kan siraɗi ba.

"Ka rubuta," in ji Dorin. "Ina zaman makoki. Kwana uku."

Bai kai ga ba ta amsa ba ya matsa gefe dole, don wani ayari ne ya iso, matan ƙauyen Yolde Pate, sun taho a ƙafa tun asuba da ƙoren nono a ka, yaransu kowa da tabon allura a dantse. Tsohuwar da ke gaba, Adda Safiyatu, ta durƙusa ta kama hannun Dorin da nata biyu, ta yi ta magana da Fulatanci a hankali. Dorin ba ta ji ko rabi ba. Ta buɗe baki za ta ce da godiya, kuka ya ƙwace mata a gaban kowa, tsohuwar ta jawo kanta ta kwantar a kafaɗarta. A nan Hansai ta samu ta yi nata kukan.

A waje Zadok ya kashe mota. Ya sauko, ya tuɓe takalmansa na danƙo ya jera su a gefen na mutane, ya je ya zauna a bakin buzun Malam Haladu. Akawun ya rage shi kaɗai a jikin motar, rana tana hawa, masu zuwa suna raɓa shi suna wucewa.