Lamba Ashirin da Bakwai

"Ƙarya ne wallahi!" ya faɗa a fili, yatsansa na dukan waya kamar zai huda gilashin.

"Kai da wa?" mahaifinsa ya tambaya daga gefen benci.

"Ba kowa, Baba. 'Yan guruf ne."

Tun bakwai na safe suke zaune a barandar sashen ido na asibiti. Yanar ido ce ta rufe wa tsohon ido ɗaya, ɗayan ma sai dishi-dishi. Likitan da ke aikin cire ta sau ɗaya yake zuwa duk wata uku, kuma mutum talatin kacal yake rubutawa. Katinsu mai lamba ashirin da bakwai yana aljihun ɗan, wanda ya kulle shagonsa na gyaran waya don ya kawo uban. A guruf ɗinsu na masu karanta labaran zane kuwa Alƙali ake ce masa, don shi ke yanke wa ya fi wa ƙarfi. Yau wani mai kiran kansa Farfesa ne ya tsokano shi.

"To mene ne abin faɗan?" in ji tsohon.

Abin nema ya samu. Ya gyara zama. "Akwai wani jarumi, Mai Takobi, sara ɗaya yake raba dutse. Wannan sakaran Farfesan ya ce wai jarumin ne na ɗaya a ƙarfi. Alhali jarumin nan kacokan a mafarkin wata tsohuwa yake. Ta farka, shi ke nan, babu shi. Ita kuma tsohuwar, wata 'yar makaranta ce ke rubuta ta a littafinta. Ka ga hawa uku ke nan. Yarinyar ko tsinke ba ta iya karyawa, amma ta goge layi ɗaya ta gama da su duka."

"Ikon Allah. To in na ƙasa ya shiga uku ya yi kira, na saman yana ji?"

"Ina! Ai ƙarfin ke nan, Baba. Na sama bai ma san ana yi ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sai ga Farfesa ya turo saƙon murya har minti shida. Alƙali ya cusa abin ji a kunnuwansa biyu, ransa a ɓace. Wai a babi na arba'in takobin ya yanki gefen takardar yarinyar! Ya shiga tono tsofaffin shafuka yana tura hujja. Ya ji an ja hannun rigarsa.

"Ina zuwa, Baba, minti ɗaya."

Aka sake ja. Ya ture hannun a hankali, ya miƙe ya koma wajen taga, inda sabis ya fi ƙarfi. Can dai Farfesa ya rubuta, "Na sallama." Hotunan tafi suka yi ta zubowa.

Ya ɗago kai yana murmushi, sai ya ga rabin bencinan babu kowa. Nas tana tattara katuna a bakin ƙofa.

"Sista, ashirin da bakwai fa?"

"Sau uku na kira, har muryata ta dishe. Na ba na talatin da ɗaya."

"Don Allah ki taimaka. Tsohon ne ba ya ji sosai."

Ƙaryar ta fita tun kafin ya tare ta. Nas ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba ya ji? Shi da ya ɗaga hannu tun kiran farko? Na ce ya kawo kati, ya ce yana wajen ɗansa, wai ɗan yana wani muhimmin aiki, a ɗan jira shi. Na jira. Ku dawo bayan wata uku."

Ya juya. Tsohon yana tsaye dab da bayansa, riƙe da sanda. Ya ji komai. Kunya ta lulluɓe Alƙali, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

A bakin get ƙanwarsa ta kira. Tsohon ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

"A'a, ba a kai gare mu ba, uwata. Jama'a ce ta yi yawa. Yayanki ya yi ƙoƙari, tun safe yana tsaye."

Ya mayar masa da wayar, ya lalubo kafaɗarsa ya dafa. Suka tsaya jiran bas, motoci na wucewa.

"Baba, ka yafe mini," ya ce.

"Ka dai ci musun?"

"Na ci."

"To madalla. Ai gaskiyarka ce," in ji tsohon, ba tare da ko alamar fushi ba. "Na sama ba ya ji."

Bas ta tsaya. Ya kama uban da hannu biyu yana nuna masa inda zai sa ƙafa. A aljihunsa, kusa da katin, wayar tana ta ƙugi, 'yan guruf suna taya Alƙali murna.