Ƙanzon Alewar Adda

Gudaji ya gatsi alewar, ya juya ta a baki, sannan ya jefa ragowar a aljihu inda 'yan'uwanta suke. Wannan ma ba ita ba ce. Sukari ne zalla, irin wanda ake kawowa daga kantin Turawa, zaƙi kamar ya tsinke harshe, amma babu komai a bayansa.

Tun da hantsi yake zaga kasuwar Maigatari yana wannan aiki, ya bar jakunansa da buhunan kanwarsa a hannun abokan tafiya. Wanda ya gan shi sai ya ce kwaɗayi ne ya kama ƙaton banza, alhali uwarsa yake nema. A shekarar yunwa wani falke ya tsince shi a gindin bishiya yana kuka, ya tafi da shi Damagaram, ya raine shi, ya sa masa suna Gudaji. Kafin falken ya rasu bara, ya gaya masa cewa a ƙasar Gumel ya same shi. Gudaji bai riƙe sunan gari ba, bai riƙe fuskar kowa ba. Abin da ya rage masa kawai ɗanɗanon wata alewa ne.

"Samari, cikinka zai ɓaci," in ji wani tsoho mai tufkar igiya, wanda 'yan kasuwa ke kira Kawu Ilu. "Tun ɗazu nake kallonka. Me kake nema?"

"Alewar ɗinya, Baba."

Kawu Ilu ya ajiye igiyar, ya juya wajen wanzamin da ke zaune kusa da shi. "Dogo, ka ji abin da yaron nan ya tono?"

Dogo ya lumshe ido. "Wayyo, alewar Adda!"

Daga nan suka manta da baƙon, suka shiga yabo suna katse juna. Yadda Adda ke tsince ɗinya ɗaya-ɗaya, ba ta yarda da wadda tsuntsu ya taɓa. Yadda take tace maɗi ta dafa shi har ya yi kauri, ta rataya a turke, ta yi ta ja tana ninkawa har baƙin ya washe ya koma sheƙi. Dogo ya rantse cewa in ka jefa guda a baki a nan, sai ka hango ganuwar Gumel ba ta ƙare ba. Kawu Ilu ya ce Buzaye sukan durƙusar da raƙuma musamman don randar maɗinta.

"Yanzu an sare ɗinyoyin an shuka gyaɗa," in ji Dogo. "Yaran zamani sai sukari."

"Ita ai tun kafin sukari ta daina," Kawu Ilu ya gyara masa. "Shekarar yunwa ta kife tukunya. Babu irin roƙon da ba a yi mata ba."

Gudaji ya matso kusa. Ya durƙusa. "Baba, tana da ɗan ɗaci? Baƙa, mai ƙauri, tana manne wa haƙori?"

Tsofaffin nan suka dube shi kamar ya zagi iyayensu.

"Ɗaci? Alewar Adda?" Dogo ya yi tsaki. "Ɗan nan, wata ƙazama ce ta ba ka wadda ta ƙone."

Gudaji ya yi musu godiya. Ya miƙe zai tafi, sai Kawu Ilu ya ji tausayinsa, ya kwatanta masa ƙauyenta a kan hanyar Gumel. "Je ka tambaye ta. Ita ta san duk masu sana'ar, har da masu ƙonawa."

Da la'asar ya same ta a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa, 'yar tsohuwa ramammiya mai manyan hannuwa. 'Yarta Safara'u ta kawo masa ruwa ta koma ciki. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai, don kunya yake ji ya kawo wa gwana labarin ƙonanniyar alewa.

"Iya, ki gafarce ni. An ce taki ba ta da na biyu. Ni wata daban nake nema, ko kin san mai yin ta. Tana da ɗaci da ƙauri."

Hannun Adda ya tsaya. "Sake faɗi."

"Baƙa ce, da ɗuminta. Kuma ina ji ba a hannu ake ba ni ba. Kamar da sakaina nake kankarowa, kaina a cikin wani abu mai duhu."

Ta daɗe tana kallonsa, daga goshi har yatsun ƙafa. Gyaɗar da ke cinyarta ta zube, ba ta ko waiwaye ta ba.

"Wannan ba a taɓa sayar da shi ba," ta ce a hankali. "Ƙanzon gindin tukunya ne. Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ya san ɗacinsa. Ɗana ne, shekarar yunwa na zaunar da shi a gindin bishiya na shiga daji neman abin da za mu ci. Na fito ban same shi ba." Ta miƙo hannu, ta kira shi. "Barau."

Sunan ya shige shi har ƙashi. Ya buɗe baki zai amsa, sai kuka ya riga shi, ya kifa goshi a kan tabarmar.

Adda ta share ido da bakin zane, ta ɗaga murya da wani ƙarfi da maƙwabta suka daɗe ba su ji ba.

"Safara'u! Ɗinyar nan da ta rage a bayan gari ta nuna?"

"Ta nuna, Iya."

"To, jeki bayan rumbu ki birkito min tukunyar nan." Ta ɗora tafinta a kan Barau. "In an gama kuma kada ki wanke ta. Mai kankara ya dawo."