Ran Malam Labaran Ya Yi Tsada

Malam Labaran na Tamawa, wanda ya yi ritaya daga ƙaramar hukumar Kurfi, ba ya ƙaunar gwamnati ta taɓa masa ko sisi. Da aka fara surutun sabuwar dokar haraji a rediyo, bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya hau babur sai Dutsin-Ma, ya sa aka juya kuɗin fanshonsa zuwa kamfanin inshora. A da, in ya mutu, magada ne za su raba abin da ya rage. Yanzu kuwa muddin yana numfashi za a biya shi duk wata, ranar da ya daina a ɗauke.

Sai ya je ya faɗa wa matarsa Kulu. Ita kuwa Kulu magana ba ta kwana a cikinta.

Ai kuwa sai ga 'ya'ya, waɗanda da sai da salla ake ganin ƙeyarsu. Misbahu, babbansu, ya ɗaure babur da sarƙa. Aka hana Malam tsire da goro, aka zare gishiri daga miya. Ranar kasuwar Kurfi a kan tabarma take wuce shi.

"Baba, ina zuwa?"

"Bayan gida, Misbahu. Ko za ka riƙe mini buta?"

"A dai taka a hankali, akwai santsi."

Da abin ya ishe shi, ya ce za shi gaisuwar mutuwa Dabawa, ya sulale ofishin Dutsin-Ma.

"'Yata, mayar mini da kuɗina inda suke," ya ce wa Yasmin, ma'aikaciyar wurin. "Lokacin da suke jiran mutuwata na fi shan iska."

"Baba, in an juya ba a komawa. Kuma harajin da kake gudu bai ma shafi fansho ba."

"To shi mai wannan dokar, ba ya da 'ya'ya ne?"

Ya dawo gida. Ya jingina tsani, ya haye kan soro, ya zauna can bakin gaɓa yana kaɗa ƙafafu. Gida ya ɗauki salati.

"Baba, don Allah sauko!"

"Samo kujera, Misbahu. Akwai dokokin gidan nan da za mu soke."

Kafin la'asar an soke su duka. Washegari yaran suka faskara tsanin suka yi girki da shi. Yanzu, in ji Kulu, da ransa ya ɓaci sai ya tafi bakin rijiya ya zauna.