Miyar da Na Dafa wa Ɗan Ɗaki na Bakwai

Ni Bang Deok-chil ban taɓa zama a aji ba, amma lauya goma sha ɗaya suka fito daga gidana. Yaƙi bai kashe ni ba, yunwa ta gwada ta gaji. Shekara talatin ina ba masu shirin jarrabawar lauya hayar ɗakuna a kan tudun nan, ɗakunan da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Ni ke dafa musu shinkafa.

Pyo Man-sik ne a ɗaki na bakwai. Sau takwas yana zaunawa yana faɗuwa, ya rantse ta tara ce ta ƙarshe. Sai ranar haihuwarsa ta faɗo daidai ranar jarrabawa. Uwarsa ta bugo waya daga ƙauye ta ce tun da ta haife shi bai taɓa rasa miyar ganyen teku a wannan rana ba. Kowa kuma ya san mai jarrabawa ba ya kusantarta. Yauƙi gare ta, santsinta kan kwashe mutum daga jerin sunaye.

Na ce ni da harsashi ya kauce wa, miya ce za ta ba ni tsoro? Na dafa.

Da safe ya dubi kwanon ya dube ni. "Kawu, yau?"

"Sha mana, rago! Babarka ce ta ce."

Wani ɗan haya ya tuntsire da dariya. "Yaya Man-sik, ka riƙe bango da kyau in za ka gangara!"

Ya shanye tas, don ba ya iya mayar wa babba kwano. Da sakamako ya fito, da maki ɗaya ya faɗi. Ya jera silifas ɗinsa a ƙofar ɗakin ya fita, har yau ko uwarsa ba ta ji ɗuriyarsa ba.

Tun daga nan, duk safiyar jarrabawa sai in tarar da ƙofar ɗakin nan jiƙe, tana yauƙi, tana ƙarnin teku. Na kira mai gyaran famfo sau uku, bai ga komai ba. Duk wanda na sa a ɗakin kuwa, bai ci ba.

Bara wata mai suna Gil Hye-ran ta kama ɗakin, don ya fi araha, ta bar aikinta saboda karatun nan. Da safiyar jarrabawar ta zo na riga ta tashi. Na durƙusa da tsumma, ina gogewa ruwan yana tsattsafowa. Da na ji motsinta sai na tuɓe rigar sanyina na shimfiɗa a kai.

"Kaka, ka haukace? Rigarka fa!"

"Taka ki wuce, sarkin surutu. Ungo." Na danƙa mata alewa mai danƙo, wadda ake ba mai jarrabawa don ya manne.

Ta taka ta wuce, ƙafarta ba ta goce ba. Sunanta ya fito, ita ce ta goma sha ɗayan. Na zaga unguwa ina bugun ƙirji, na ɗauka Man-sik ya yafe mini.

Bana ba kowa a ɗakin, na kulle shi. Yau ake jarrabawa. Tun hantsi nake gogewa, tsumma na uku ke nan.