Gaisuwar Bakin Ƙofa

Kowace Alhamis, in an tashi daga zumuntar mata, Jacinta da 'yan'uwanta matan coci sukan bi ta bayan tashar jirgin Kafanchan su gaida Mama Hellen. Tsohuwar malamar firamare ce, ita ta koya wa rabinsu karatu kafin ɓarin jikinta ya shanye. Jikanta Gilbert ke riƙe da ita, kullum ya tarbe su da fara'a ya ce ɗakin ba wuri. Sai su jeru a bakin ƙofa, su yi waƙa da addu'a, su ce, "Mama, yaya jiki?" Ta amsa yadda kowa ke amsawa: "Da sauƙi."

Wata bakwai ana haka.

Ran nan littafin waƙar Jacinta ya suɓuce ya faɗa cikin ɗakin. Da ta sunkuya ɗauka, sai ta ga igiyar akuya ɗaure a ƙafar gado, ta shige ƙarƙashin bargo. Ta ɗaga bargon. Igiyar ta ci idon sawun tsohuwar har ya zama gyambo.

"Don kada ta ja jiki ta fita ne," in ji Gilbert daga waje.

Jacinta ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa tana kwance igiyar. "Mama, me ya hana ki faɗa mana?"

Tsohuwar ta daɗe tana dubanta.

"'Yata, ba a ɗaga murya a faɗi irin wannan. Ina ta jiran ɗayarku ta shigo ta zauna."