Sunan da Malam Joda Bai Faɗa Ba

Malam Joda na Jekadafari bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Haka ya taras ana yi, haka ya riƙe. Bafulatani yana kunyar ɗan fari: ba ya ambatarsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna a gaban jama'a cewa nasa ne. Tun ranar yaye aka miƙa Mudathir ga yayar Joda, wadda kowa ke ce wa Adda, gida biyu tsakaninsu. In ta kama dole sai Joda ya ce "yaron nan na wajen Adda".

Yaron kuwa ya yi ta tsawo kamar giginya. Da ya samu shiga kwaleji a nan cikin Gombe, koci ya gan shi yana sunkuyawa a ƙofar aji, ya ja shi ƙwallon kwando. Shekarar farko a benci ya ƙare ta. Ta biyu ya fara shiga. A ta uku gwiwarsa ta goce, ya yi wata biyar yana ɗingishi, mutane suka ce shi ke nan, sai ga shi ya dawo har an ba shi kyaftin. Duk wannan a bakin mutane Joda ya ji, a masallaci da bakin shagonsa na sayar da dusa da kanwa. In ana labarin sai ya duƙufa kan awo kamar da wani ake. Kunne dai ba shi da marfi.

Ranar wata Asabar Adda ta leƙo shagon, ta sha mayafin unguwa.

"Yau ne wasansa na ƙarshe, Joda. Daga yau sai bautar ƙasa, likita ma ya ce gwiwar ta gaji. Za ka?"

"Ina ni ina kallon ƙatti da gajeren wando suna bin fata?"

"To zauna nan ka auna dusa. Mai kunya dai da yunwa yake kwana."

"Adda, ki bar ni."

"Na bar ka. Shekara huɗu garin nan kaf ya gan shi, ban da wanda ya ba shi ƙafafun."

Ta tafi. Joda ya auna mudu ɗaya sau uku bai san nawa ya zuba ba. Abin da ke cinsa shi ne, in yau ta wuce, har ya koma ga Allah sai dai ji. Gani kuwa ya kori ji. Da aka idar da la'asar ya ja ƙofar shago, ya ce wa maƙwabcinsa zai je Bolari, ya tari keke, bai nufi Bolarin ba.

Ya iske zauren wasan ya cika maƙil, ihu na fitowa ta tagogi. A bakin ƙofa akwai wani mutum mai furfura a gemu, da takarda a hannu. Kenneth ke nan, Batangale, tsohon ɗan wasa da ke kula da zauren.

"Sannu Baba. Ciki ya cika. Kujerun da suka rage na iyayen 'yan wasa ne. Kana da ɗa a ciki?"

Joda ya dubi gefe. "Akwai wani yaro."

"Wane ne?"

"Dogo ne haka."

Kenneth ya yi dariya. "Baba, ai nan gidan dogaye ne. Gajerensu sai na ɗaga kai. Sunanka fa?"

"Joda."

Kenneth ya bi takardar da yatsa, sama da ƙasa. Babu Joda. Ba kuwa za a samu ba, don tun firamare da sunan mijin Adda aka rubuta yaron.

"Faɗi sunan yaron kawai ka wuce. An kusa tafiya hutun rabin lokaci."

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya faɗi haka bai zauna da irin su Joda ba. Sunan yana nan a kan harshensa, shi ya raɗa shi ta bakin liman, amma shekara ashirin da uku bai fito ba, ba kuwa yau zai fito a gaban baƙo ba. 'Yan zamani za su ce wannan wahalar da kai ce. Su ce. Su da ke kiran uwayensu daga kan gado, me suka sani? Joda ya gyara babbar rigarsa.

"Bar shi. Allah ya ba da sa'a."

Ya juya. Bai yi taku biyar ba Kenneth ya kira shi.

"Baba, tsaya. Na fari ne?"

Joda ya tsaya, ya kau da kai.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kenneth a cikin Fulani ya tashi, ya san abin. Ya matso, ya rage murya.

"To kada ka ce komai. Ni zan karanta takardata, don ina so in ga ko an rubuta daidai. Kai kuma tsayuwarka kake yi." Ya ɗaga takardar. "Abdulrasheed. Zaharadeen. Ihsan. Mudathir."

Joda ya sunkuyar da kai, ya shiga neman wani abu a kan takalminsa.

"Takardata daidai take," in ji Kenneth. Ya tura ƙofa. "Layi na biyu. In ba ka son gaba, akwai dungu bayan ginshiƙi."

Dungun ya zaɓa. Daga nan yana hango bayan mayafin Adda, tana tashi tana zama kamar mai surfe. Bai san dokar wasan ba, bai san me usur ke nufi ba. Amma ya yi kiwo, ya san mai jan garke in ya gan shi. Yaron ba ya hayaniya. Yatsa zai ɗaga, sauran su watse, kowa ya kama wurinsa. Sau biyu ragar tana gabansa, ya miƙa wa wani ya jefa. Joda ya ce a ransa, ba shi da haɗama, Adda ta yi aiki.

Can wani ƙato ya bangaje shi, suka zube tare, yaron ya faɗi a kan gwiwar nan. Joda ya tsinci kansa a tsaye. Ya duba, ba mai kallonsa, ya koma ya zauna a hankali. Yaron ya tashi, ya taimaki wanda ya ka da shi ya miƙe, ya yi jifa biyun da alƙalin wasa ya ba shi, duka suka shiga. Aka tashi suna gaba da maki huɗu. Samari suka ɗaga shi sama, zauren ya ɗauki sunansa.

Kafin jama'a su fara fita Joda ya sulale. Ya ba Kenneth hannu biyu, ya wuce.

A keken da ya shiga akwai wani magidanci da shi ma daga kallon yake, murya duk ta dushe.

"Alhaji, ka ga kyaftin ɗin nan? Wallahi ko ɗan waye, ubansa ya haifu!"

"Ni ban san ƙwallo ba," in ji Joda.

"Ai yau ba komai ya yi ba. Da ka ga na bara, da ya dawo daga jinya!"

Mai keke ya rage gudu. "Jekadafari, akwai mai sauka?"

Joda ya dubi bakin layinsu, ya gyara zama.

"Mu je gaba tukuna," ya ce. Ya juya wajen magidancin. "Baran me ya yi?"